Gurbi Ɗaya a Kwamin Istifanus

Talata Mafara,
12 ga Satumba, 2021.

Zuwa ga Yaya Nagode,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da Malam Yari da duk mutanen gidan. Ya damina, ya haƙuri da zaman gida, ya kuma gwiwar nan taki? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Maigidana Mustapha yana Gusau wurin aiki, sai ƙarshen wata zai leƙo mu. 'Yata Salma ta yi mura amma ta warware, tana gaishe ki.

Kin ga inda katse layin waya ya mayar da mu. Rabona da rubuta wasiƙa tun ina sakandare, har hannuna ya fara ciwo tun ban je ko'ina ba. Zan ba Ɗanlami direba, ya ce duk ranar da hanya ta yi kyau yana shiga Faru.

Yaya, wani abu ne ya tsaya mini a rai. Ranar Talata aka kawo mana yaro asibiti daga wajen Bakura, shekararsa shida. Takalminsa ne ya faɗa kanal ɗin noman rani, ya bi shi. Ruwan ko kafaɗar babba bai kai ba, amma kin san bangon simintin nan da gansakuka, ba inda hannu zai kama. Mun yi abin da za mu iya, kwana ya riga ya ƙare. Uwar tana zaune a ƙasa tana ta maimaita mana, "Na hana shi fa, wallahi kullum hana shi nikai." Har yau muryarta na kunnena.

To akwai Madam Lucy, abokiyar aikina. Mijinta Malam Istifanus ya yi ritaya daga aikin kiwon kifi, kuma a bakin ruwa ya tashi can garinsu. Da ya ji labarin sai ya kwashe tarwadarsa daga kwami ɗaya na siminti da ke bayan gidansa, ya wanke shi tas, ya cika da ruwan burtsatse iya ƙirjin yaro. Yanzu yana koya wa ƙananan yara iyo, Juma'a da la'asar da Asabar da hantsi. Yara shida kawai yake ɗauka, daga shekara huɗu. Galan fanko yake ba su su rungume, ya koya musu hura iska a ruwa, da kwanciya rigingine, da yadda in ruwa mai gudu ya ɗauki mutum ba a kokawa da shi. Na sa Salma. Ranar farko ta yi ihu har maƙwabta suka leƙo, jiya kuwa da ƙyar na ciro ta.

Ya ce in sanyi ya shigo, wajen tsakiyar Nuwamba, zai rufe. Kin san kuma lokacin ne ake sako ruwa sosai a kanal. Saura gurbi ɗaya, na roƙi Madam Lucy ta riƙe mini shi. Na tuna gidanku da kanal ba nisa, ga makarantu a rufe, yara sai yawo. In akwai wani yaro a gidan da kike ganin ya kamata, ki sa shi a motar Ɗanlami ranar Juma'a, ya kwana ɗaya, Asabar a dawo miki da shi. Ke kika fi ni sanin gidanki.

Ki gaida kowa, manya da yara.

Ƙanwarki,
Mufida.

Faru,
16 ga Satumba.

Ƙanwata Mufida,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Muna amsa gaisuwa. Ya aiki, ya marasa lafiya, ya kewar maigida? Ki shafa mini kan Salma. Gwiwa tana nan yadda kika san ta, in hadari ya haɗu ita ke fara sanar da ni. Ni da aka rufe mana makaranta na rasa 'yan aji ukun da zan yi wa tsawa, sai kaji. Malam Yari yana fadama, tsuntsaye sun hana shi sakat a kan shinkafa. Allah ya jiƙan yaron Bakura, ya ba uwarsa haƙuri.

Wasiƙarki ta iso jiya da maiƙon manja a gefenta, ki ce wa Ɗanlami ya daina haɗa takardun mutane da kayan miya. Na karanta wa Malam zancen kwamin kifi, ya yi dariya har ya sarƙe. Ya ce, "To mu da munka tashi bakin gulbi wa ya koya muna? Ki tambaye ta, in yaro ya ƙare karatun takarda za a ba shi, ko gashin baki zai hito mishi irin na tarwada?" Ni dai na ce masa ku mutanen asibiti ba ku rasa sabon abu.

Duk da haka ban ƙi taki ba. Ga Mas'ud nan, ɗan ƙanen Malam, shekararsa tara, shi ne mai ƙafar yawo a gidan nan. Uwarsa ta yarda, ta ce ko ba komai ta huta kwana ɗaya. Na haɗa shi da 'yar kuɓewa busasshiya da daddawa.

Ɗayyabu kuwa na san ba shi kike nufi ba. Ɗan farinki ne, kuma tun ranar da Baffa, mahaifinki, ya ɗauko shi daga yaye ya ɗora mini a cinya ya ce ga naki, ban taɓa jin kin kira sunansa ba, ko kin ɗaga ido kin dube shi a gaban mutane. Duk dangi suna yaba kunyarki. To mai irin wannan kunyar ba za ta ce a kawo mata ɗan fari ya kwana a ɗakinta ba, shi ya sa ban ma kawo shi a lissafi ba.

Ban ce kin tambaya ba, da iska nake magana: haƙoransa biyu na gaba sun fita, yana cin tuwo kamar manomi, kuma ya fara haɗa baƙi a allo.

Yayarki,
Nagode.

Talata Mafara,
19 ga Satumba.

Yaya Nagode,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kun tashi lafiya, ya jikin naki? Kuɓewa da daddawa sun iso, Allah ya saka da alheri. Mu lafiya lau.

Yaya, kin ba ni kunya a gaban baƙi. Na kai Mas'ud ranar Juma'a, Malam Istifanus ya durƙusa yana lallashinsa, yana cewa kada ya ji tsoro, ya fara sa ƙafa ɗaya. Yaron nan ya tuɓe riga, ya yi tsalle ya faɗa, ya nutse daga wannan bango bai ɓullo ba sai a wancan. Ruwa ya fantsama har kan zanen Madam Lucy. Malam Istifanus ya dube ni ya ce, "Malama Mufida, wannan ai sai dai shi ya koya mini." Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Gurbi ɗaya ne tak, akwai iyaye uku da ke jiransa, ni kuma na kawo wanda ya fi kwaɗo iya ruwa. Da ƙyar na roƙi a ƙara riƙe mini mako biyu.

Amma ba wannan ne ya hana ni cin abinci ba. A hanyar komawa gida na tambayi Mas'ud inda ya koya. Ya ce a kanal, shekara biyu ke nan, in manya sun tafi gona. Na ce shi da su wa. Ya ce, "Mu manya muna shiga, ƙanana suna zama bisa baki su sa ƙahwahu." Ya shiga lissafa mini ƙananan ɗaya bayan ɗaya, a ciki har da wanda ba na faɗa. Ya ce shi ne ma ya fi matsawa gaba, don yana son ya ga 'yan kifin da ke bin bango.

Kin san wanda nake nufi. Kin sani tun kafin ki ninke takardata ta farko. Na yi ta zagaye ne don haka aka tarbiyyantar da mu, ke ma kuma kin san yadda ake jin magana irin wannan. Da Gwaggonmu ce ta rubuto miki haka, da ba za ki aika mata da ɗan maƙwabta ba. Don Allah kada ki sa ni faɗin abin da bakina bai saba ba.

Ga Mas'ud nan na dawo da shi, ya cinye mini burodin mako guda. Ranar Juma'a ina jiran motar Ɗanlami a tasha da kaina.

Ƙanwarki,
Mufida.

Faru,
2 ga Oktoba.

Mufida,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ina fatan kuna lafiya. An fara yankan gero. Malam yana gaishe ku.

Na ji an ce Juma'a biyu kina tsayuwa a tasha. Ban aiko kowa ba, kuma ban yi saurin amsa miki ba don kada in rubuta abin da zan yi nadama. Yanzu ma ban tabbata na huce ba.

Na ja kunnen Mas'ud har ya yi ja. Ɗayyabu ya rantse mini sau ɗaya ya taɓa zuwa, na ce ko rabin sau ne ya isa. Tun ranar ba ya fita ƙofar gida sai da ni. Ni ke kai shi makarantar allo, ni ke ɗauko shi, da wannan gwiwar. Na gaya masa in ya sake ya kusanci ruwan da ya wuce na buta, ni da shi ne. Malam ya karɓo masa rubutu ya sha. To me ya rage? Yaron da ba ya zuwa ruwa me zai yi da iyo? In kika koya masa, ai kin cire masa tsoron ke nan, gobe shi ne a gaban su Mas'ud. Kuma hanyar nan da ake bi ana addu'a, ita kike so in riƙa ɗora shi a kai duk mako, zuwa da dawowa?

Bari in faɗa miki abin da ke raina, tunda ke ba kya iya faɗin naki. Shekara biyar yaron nan yana hannuna. Lokacin da ƙyanda ta kwantar da shi kwana tara, magani kika aiko a hannun Mustapha, ko layi ɗaya babu. Na ce kunya ce, ban riƙe ki ba. Yau rana tsaka kin tuna gidana yana kusa da kanal. Da can a ina gidan yake?

Kin san Khadija ta Damaga. Shekara takwas ta riƙi 'yar ƙanenta. Aka ce yarinya ta zo Mafara hutun mako ɗaya. Daga hutu aka ce ta ɗan zauna ta yi lesin, daga lesin aka ce makarantar gari ta fi. Yau Khadija sai dai ta ga yarinyar a gidan biki, ta gaishe ta a tsaye. Ba wanda ya taɓa ce mata an karɓe, har yanzu hutun ne bai ƙare ba.

Ni ba ni da wani sai shi, kin sani, duk dangi sun sani. In karɓarsa za ki yi, ki zo mu je gaban Baffa da ya ba ni shi, ki faɗa da bakinki. Kada ki biyo mini ta kwamin kifi.

Nagode.

Talata Mafara,
10 ga Oktoba.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Mu ma lafiya.

Na karanta wasiƙarki sau uku, a na ukun sai da na fita bayan ɗakin magani na zauna. Zancen karɓa ba zan ma amsa shi ba. In abin da kika ɗauke ni ke nan bayan shekarun nan, to babu abin da zan rubuta ya canja miki.

Kin ce kin hana shi. Yaya, uwar yaron Bakura ma ta hana nata. Duk uwar da aka taɓa kawo mana ɗanta a jiƙe, hana shi take yi. Ban raina rubutu ba, ni ma na sha, ina kuma ba Salma. Amma ke da kanki in za ki kwanta kina addu'a kuma kina sa sakata. Yaro ɗan shekara bakwai za ki ɗaure a ƙafarki? Ranar da aka buɗe makaranta kika koma aji fa? Ranar da kika shiga wanka fa? Nan da wata ɗaya za a cika kanal, kuma ba a shawara da ke kafin a sako.

Kin ce ƙyanda. Kwana taran nan ban yi barcin kirki ba, kullum sai na tare Ɗanlami in tambaye shi lafiyar mutanen Faru gaba ɗaya, gida gida, don kawai ya iso kan naku. Wa zan gaya wa? An ce mana uwar kirki ba ta tambaya, na bi. Yau na buɗe baki sau ɗaya, a kan abin da na gani da idona, kin mayar da ni ɓarauniya.

Na yi wa Mustapha magana da ya zo. Ya ɗaga hannu ya ce shi ya riga ya bayar, tsakaninmu ne mu mata. Na je wajen Malam Istifanus da kunyata, ya ce ya ba wata yarinya gurbin, amma saboda ni zai ƙara na bakwai in yaron ya zo kafin wata ya ƙare. Salma yanzu tana kwanciya rigingine a ruwa har a ƙirga ashirin. Ina kallonta ina jin daɗi, ina kuma jin kamar na yi wa wani rashin adalci.

Ni dai na faɗa. In wani abu ya faru, ba Baba za ki duba ba, ni za ki duba, kuma ban san me za ki ce mini ba. In kin san ba za ki iya tsaronsa ba, gara ki faɗa tun da wuri.

Mufida.

Faru,
21 ga Oktoba.

Mufida,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Kafin komai, Ɗayyabu yana da rai kuma lafiyarsa ƙalau, ga shi nan za ki gan shi da idonki.

Ranar Litinin da hantsi ina shanya barkono a tsakar gida, yana gefena yana wasa da ɗan akuya. Na shiga ɗaki ɗauko wani faifai. Wallahi iyakar abin da na yi ke nan. Ɗan akuyan ya fice ta kafar darni, ya bi shi. Ba kanal ya je ba. Kin tuna ramin da aka haƙi ƙasar gini a bayan gidan liman? Damina ta cika shi, ciyawa ta rufe bakinsa. Kullum ta nan nake wucewa da shi zuwa makarantar allo, ban taɓa kawo shi a raina ba. Kanal nake tsaro.

Ihun 'yan mata masu tallar gyaɗa na ji. Ban san yadda na isa ba, ba mayafi, ba takalmi. Na tarar da tsakar kansa kawai da hannu ɗaya yana buɗewa yana rufewa. Bai yi ihu ba, Mufida. Ni na ɗauka wanda ruwa ke ci ihu yake yi. Na faɗa ramin, ruwa ya kawo mini ƙugu, laka ta riƙe ƙafafuna, na kasa gaba na kasa baya. Tsakanina da shi bai fi tsawon tabarma biyu ba. Ina tsaye ina kiran sunansa, iyakar abin da na iya ke nan.

Wani Bafulatani ne mai wucewa da shanu ya jefar da sandarsa ya shiga ya ɗauko shi. Ya kifa shi, ya yi ta aman ruwa, can ya yi kuka. Sannan mutumin ya dawo ya ciro ni. Kafin hankalina ya dawo ya kora shanunsa ya tafi, ko sunansa ba wanda ya tambaya.

Jiya Laraba wasiƙarki ta iso. Na ga kwanan watan da ke kanta, Ɗanlami ya ce motarsa ta yi kwana goma a ajiye babu mai. Amma ni jiya na karanta ta, da lakar ramin nan a farcena. Kin ce in na san ba zan iya tsaronsa ba in faɗa. To na faɗa, ban iya ba. Na kuma tambaye ki ko karɓarsa za ki yi, kin ce ba za ki amsa ba. Na gane.

Ga shi nan da akwatinsa. Kayansa duka suna ciki, da allonsa, da kayan sallarsa na bara da ba su gama yi masa kaɗan ba. Ba ya cin miyar kuka sai an sa mata man shanu. In zai yi barci sai ya riƙe kunnen mutum, kada ki ture hannunsa, da ya yi nisa zai saki da kansa. In ya yi shiru da yawa ba rashin kunya ba ne, fitsari yake ji yana jin nauyin faɗa.

Ba sai mun je gaban Baffa ba, zan aika masa da kaina. Na gaya wa yaron kwana ɗaya zai yi. Ban iya gaya masa sauran ba, ke ki san yadda za ki yi.

Nagode.

Talata Mafara,
31 ga Oktoba.

Yayata Nagode,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina yi miki jaje, ina yi mana barka. Ya jikinki bayan abin nan? Kin sa an duba gwiwar? Allah ya saka wa bawan Allahn nan da aljanna, duk inda yake.

Da na ga Ɗanlami yana sauke akwati a tasha, a tsaye na buɗe wasiƙarki na karanta. Yaya, wace irin mace ce ke? Kwana ɗaya a mako na roƙa, kika aiko mini da akwati. Wasiƙar nan kwana takwas kafin abin ya faru na rubuta ta, cikin fushi, da na san ranar da za ta same ki da na cinye ta. Na ce ba zan amsa zancen karɓa ba don ya yi mini zafi ne, ba don haka ne ba. To yanzu ga amsa, da manyan baƙi in kina so: ban karɓa ba, ba zan karɓa ba. Akwatin yana bayan ƙofa yadda kika ɗaure shi, kayan Salma na maza-maza nake sa masa, na ari wando biyu a maƙwabta. Kada ki aika wa Baba komai.

Bari in ba ki labarin Ɗayyabu. Ga shi na rubuta, hannuna bai karye ba.

Anti yake ce mini. Ranar Asabar ta farko da yamma ya sa takalminsa da kansa, ya je bakin ƙofa ya zauna yana jiran motar Ɗanlami, har aka kira magariba. Na ce mota ta lalace. Kullum yanzu sai ya tambaye ni ko an gyara. Na sa man shanu a miya, ya ci loma uku ya ce ba irin na Inna ba ne. Kunnena kuwa bai taɓa ba, nasa yake riƙewa.

Sau huɗu ina kai shi kwami. Yana zama a kan bulo da rigarsa a jiki, ya haɗa gwiwa da ƙirji. Malam Istifanus ya ce yaron da ruwa ya taɓa tsoratawa ba a tura shi, sai ya kawo baho ya ajiye a gabansa, ya ce ya sa tafin ƙafa kawai. Ya ƙi. Salma ta yi ta yi masa gwaninta tana kiransa, ya kau da kai. Jiya haƙurina ya ƙare, na durƙusa na ce masa tsoro yake ji? Ya ce a'a. Na ce to mene ne? Ya ce, "Inna ta hana ni shiga ruwa. Na shiga sau guda ta yi kuka. Sai in ita ta ce." Na ce to ni na ce ka shiga. Ya dube ni sosai, ba da raini ba, kamar mai yi wa baƙo kwatance, ya ce, "Ke ba Inna ba ta."

Madam Lucy ta yi kamar tana neman wani abu a jaka. Ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata, don gaskiya ya faɗa. Haihuwarsa na yi, sauran duk ke kika yi.

To kin gani. Kin hana ni shi lokacin da nake roƙo, yanzu kin ba ni shi kuma ba shi da amfani a hannuna. Safiya ta fara sanyi, Malam Istifanus ya ce Juma'a biyu da Asabar biyu suka rage, in ya ga hali zai ƙara mana ranakun tsakiyar mako saboda shi kaɗai. Ya ce ko kwanciya rigingine kawai ya koya, ta isa ta riƙe shi har wani ya iso. A ramin nan abin da ya rasa ke nan.

Na gaji da rubutu, na gaji da tsayuwa a tasha. Ki shigo mota ki zo ki ce wa ɗanki ya shiga ruwa. In an gama ki ɗauki abinki da akwatinsa ku koma.

Ƙanwarki,
Mufida.

Faru,
3 ga Nuwamba.

Ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Wannan karon Ɗanlami bai yi nawa ba, ya ce kin tsaya a kansa har ya tayar da mota.

Ki ce wa Ɗayyabu an gyara motar. Ina tafe jibi Juma'a in Allah ya kai mu, Malam ya ce in zauna har a gama. Ki buɗe akwatin nan ki ba yaro kayansa, ba zan zo in tarar da shi cikin wandon aro ba.

Zan ce masa ya shiga, da bakina, a gaban malamin nasu. Amma ki sani ba zan iya kallo ba. Tun ranar nan ko randa na leƙa sai gabana ya faɗi. Ki shimfiɗa mini tabarma inda zai riƙa ganina, ni zan ba ruwan baya.

Ke za ki tsaya a bakin kwamin ki zuba masa ido, ko Madam Lucy na nan, ko duk Mafara ce ta taru. In ya kwanta ki faɗa mini ya kwanta. In ya nutse kada ki ce komai sai ya ɓullo. Kuma in za ki yi masa magana ki kira sunansa da ƙarfi, don yaron da ruwa ya cika wa kunne ba ya jin "kai, yaron nan."

Yayarki,
Nagode.